Yadda za ka tantance iƙirari a binciken halayyar ɗan Adam

Ga abin da nake gaya wa duk ɗalibin da ya kawo mini aikinsa a Samaru. Fara gano abin da ke sauyawa daga mutum zuwa mutum: awannin barci, makin jarrabawa, yawan damuwa. Idan duk waɗanda ka tambaya 'yan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ne, to harabar karatu ba ta sauya ba, kada ka lissafa ta.

Sai ka duba irin iƙirarin, domin iri uku ne. Wanda ya ce ɗalibai kaza cikin ɗari ba sa samun isasshen barci, yawa yake faɗa, abu guda ya auna; bincika ko waɗanda ya tambaya suna wakiltar sauran. Wanda ya ce masu barci sosai sun fi samun maki, alaƙa ya nuna, ana auna ƙarfinta daga -1 zuwa +1.

Na ukun ne ya fi damuna: "barci yana ƙara maki". Wannan sai da gwaji. Raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kai da kanka ka tsara awannin barcin kowane rukuni, sannan ka auna makin. In ba haka ba, wataƙila mai yin acaɓa da dare ne ya rasa barci da lokacin karatu gaba ɗaya.