Ƙarar da Ke Cinye Murya a Eriyarka: Kurakuran da Aka Fi Yi

Duk wanda ya taɓa zama gaban rediyon masu sha'awa (wanda ake magana da juna da shi ta iska) da daddare, ya murɗa zuwa zangon mita 40, ya ji "shuuu" kamar ana suyar ƙosai, ya san takaicin da nake nufi. Allurar S, mai auna ƙarfin abin da rediyo ke kamawa, tana kan 8 tun kafin kowa ya buɗe baki. Ga wani can a Italiya yana kira, ka san yana nan, amma ka kasa tsamo ko alamar kiransa, wato lambar tasharsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Yawancinmu a nan muke fara ɓata hanya: sai mu ɗora wa rediyo laifi, mu shiga tara kuɗin sabo. Alhali gwajin da zai wanke shi bai kai minti biyu ba. Cire eriya, ka sa razista (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai om 50 a madadinta. In ƙarar ta ɓace, rediyonka lafiya lau yake, daga waje take shigowa. Sai ka mayar da eriya, ka ɗora rediyon a kan batir mai bolt 12, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, har da inbata da na'urar cajin sola. Sannan ka dinga kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya kana kallon allura.

Ni na yi kusan wata uku ina zargin falwayar ƙofar gidanmu. Ranar da na yi wannan gwajin, allura ta faɗo daga 8 zuwa 3. Ashe ɓarawon a cikin gida yake: wata cajar waya mai arha da yara suka bari a soket bayan labule, ba ma a jona mata komai ba. Kowane mataki na S desibel 6 ne a ma'aunin ƙarfin ƙara, wato matakai biyar desibel 30, ƙarfin ƙara ninki dubu ke nan. Babu rediyon da zan saya ya ba ni abin da zare wannan cajar ya ba ni. Ƙwayayen fitila na LED, adaftar laftof, dikoda, duk 'yan gida ɗaya ne. Kuma mu da ake yawan ɗauke mana wuta muna da wata garaɓasa: 'yan mintocin nan tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janaretocin maƙwabta. Saurara a lokacin, za ka san ainihin shirun unguwarku.

Kowace ƙara da muryarta, kuma rashin koyon bambance su shi ma kuskure ne. Ta fulogin janareta ko babur "tas-tas-tas" take, tana bin gudun inji. Ta caja da inbata takan maimaitu a jere, ka ji ta nan, ka ƙara gaba kaɗan ka sake jin ta, tana ɗan zamewa. Ta falwaya kuwa kaushi gare ta, "zzzz", don tartsatsi ne ke tashi sau 100 a daƙiƙa a wutarmu mai zagaye 50, kuma sau da yawa takan lafa in an yi ruwa. Ɗauki ƙaramin rediyo mai batir ka bi ta a ƙafa har gindin falwayar, ka kai rahoto. Kada ka buga ta, kada ka hau.

Kuskuren da ya fi cin mutane, har da waɗanda suka daɗe a harkar, yana jikin kebul ɗin kowaks, wanda ke haɗa eriya da rediyo. Ana ɗauka tunda yana da raga a lulluɓe, ba ya jin komai. Cikinsa ne ba ya ji. Bayan ragar kuwa waya ce kamar kowace waya. Yana ratsa ɗaki, ya bi gefen wayoyin lantarki, ya kwashi dattin gida duka, ya hau da shi har inda aka haɗa shi da eriya, daga can dattin ya faɗa ciki ya sauko rediyo. Wanda ya ɗaure kowaks kai tsaye a kan daifol, wato eriya mai ƙafa biyu, ba tare da cok mai tare wannan dattin ba, ya yi eriya mai ƙafa uku bai sani ba. Alamunsa: SWR, ma'aunin dacewar eriya da rediyo, yana canzawa in ka motsa kebul, makirfo yana ɗan cizon leɓe, ko sifikar maƙwabci tana magana da muryarka.

Maganinsa cok na zoben ferait, wani baƙin abu mai kama da maganaɗisu. Samu babba irin FT240, ka naɗa siririn kowaks RG-58 a cikinsa sau 10 zuwa 12, ka sa a daidai mahaɗar eriya, in da hali ka ƙara wani inda kebul zai shiga ɗaki. Ferait iri-iri ne: haɗi mai lamba 31 ya fi dacewa da mita 80 da 40, mai lamba 43 kuma daga mita 20 zuwa sama. Zoben da aka ciro daga tsohon kaya ba a san haɗinsa ba, caca ce. Haka nan ɗan ferait ɗin da ake maƙalawa sau ɗaya, ba ya taɓuka abin kirki a gajeren zango. Naɗi ake so, don naɗi uku yakan ba da kusan ninki tara na guda. A sola ma haka: haɗa wayar ja da baƙa tare, ka naɗa su cikin zobe ɗaya dab da na'urar caji. Toshe ƙara a inda take fita ya fi sauƙi a kan tare ta a rediyo.

Sai wurin da aka kafa eriyar. Daifol ɗin mita 40 tsawonsa kusan mita 20 ne, ba kowane gida zai ɗauka ba, shi ya sa ake shimfiɗa shi a saman kwano ko a ɗaure shi a jikin ƙarfen sola. Ƙarar kayan gida tana raguwa da sauri in an yi nisa da ita. Matsar da waya 'yan mitoci zuwa bishiyar darbejiya ta bayan gida yakan fi sabon kebul amfani.

Atin fa, wato haɗa kaya da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa? A yi shi, amma don tsare rai da kaya, kuma a haɗa sandunan duka da na gidan. Tsammanin zai shanye ƙara shi ne kuskuren. Siririyar waya mai tsawon mita 5 ta zama rubu'in zango a mita 20, maimakon ta kai ƙara ƙasa sai ta zama wata eriyar. Gajere ake so, mai faɗi.

Akwai kuma masu kunna firiyam, maɓallin ƙara ƙarfin kamu, a mita 40 da 80, su ƙara wa ƙarar ƙarfi tare da muryar. Kashe shi, kunna ATT mai rage ƙarfin abin da ke shigowa, rage maɓallin ƙarfin kamu na RF, matse tace mai rage faɗin abin da ake ji. Maɓallin NB, mai datse ƙara, na maganin tas-tas ɗin fulogi ne kawai. In ka bar shi a kunne kusa da tasha mai ƙarfi, shi da kansa zai ɓata maka sauti.

Wata ƙarar kuma ba ta kowa ba ce. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana goga doguwar waya ta tara mata caji, sai ka ji "ƙas, ƙas", wani lokaci har ka ga tartsatsi a bakin PL-259, fulogin da ke ƙarshen kebul. Razista mai megom 1 (om miliyan ɗaya) daga kowace ƙafar eriya zuwa ƙasa za ta dinga tsiyaye shi a hankali. Da damina kuwa, naɗe mahaɗa da salatif mai kama kansa, don ruwa in ya shiga raga ta yi kore, kebul ya gama aiki. Ƙarar walƙiya ba ta da cok, sai dai ka koma mita 20 ko 15. In hadari ya haɗo kuwa, cire kebul ɗin gaba ɗaya ka ajiye bakinsa a waje, nesa da tebur.