Kada ku tuge kututture lokacin sassabe

'Yan'uwa manoma, tunda sharar gona ta gabato, don Allah ku bar kututturen kalgo da sabara da ke toho. Saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Wannan ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya gano a yankin Maraɗi a 1983, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa.

Ku zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, ku sare sauran da wuƙa mai kaifi, kuna yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Gawo kuwa ku riƙe shi da kyau, ganyensa yakan zube da damina, ba ya tare wa gero rana.