Giyar Gida Ta Gurɓace ne ko Tashi Take Yi? Kurakuran da Sabbin Hannu Ke Ta Maimaitawa

Tambayar da masu fara haɗa giya a gida suka fi yi ita ce: "Ga abin da na gani a saman bokiti, ta lalace ne?" Galibi ba ta lalace ba. Abin haushin shi ne, mutumin da ya zubar da lita 20 na lafiyayyar giya saboda kumfa, shi ne kuma gobe zai ɗura gurɓatacciya a kwalabe don bai ga komai a samanta ba. A wannan aiki ido ne shaidar da ta fi rauni. Hanci da harshe sun fi shi, ma'aunin sukari kuma ya fi su duka.

A fara da kumfar. Tsakanin awa 12 zuwa 36 da zuba yis, kumfa mai kauri za ta taso, fara da farko, daga baya ta yi dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa, ta bar zoben datti a jikin bokiti. Furotin ne da ɓurɓushin furen hop (furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi) da yis ɗin kansa. Idan ta faɗa, wasu ƙananan curin yis kan tsaya suna yawo a sama. Duk wannan lafiya ce. Haka warin baragurbi a kwanakin farko, musamman da yis ɗin laga (nau'in giyar da ke tashi a wuri mai sanyi), da ƙamshin ɗanyen tuffa a giyar da ba ta gama nuna ba: ba su mako guda, za su tafi.

Abin da ya kamata ya tsayar da kai iri biyu ne. Akwai yana, fara ko ruwan toka, siririya, mai kama da an barbaɗa gari, wani lokaci da manyan ƙwayoyin kumfa da suka ƙi fashewa, ko zare-zare. Tana fitowa bayan tashin ya lafa, kuma aikin baƙin yis ne, wato bare waɗanda ba kai ka zuba ba, irin su Brettanomyces, ko bakteriya, idan sun sami iska. Yana ba guba ba ce. Ɗanɗana, idan bakinka ya karɓa, kana iya sha. Sai kuma funfuna: busasshiya, mai gashi-gashi, koriya ko shuɗiya ko baƙa, tana zaune a sama tsibi-tsibi. Wasu na kwashe ta su ci gaba. Ni ba na ciniki da funfuna, zubarwa ce kawai, domin wasu nau'o'inta na fitar da dafi, kuma ba ka da yadda za ka tantance su da ido.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ba ni takaici: buɗe murfi kullum "don a duba". Me kake dubawa? Iskar da yis ke fitarwa ita ce ke cika sararin da ke saman giyar, ta hana oksijin zama. Duk buɗewa kana shigar da sabuwar iska da ƙura, kana kuma gayyatar ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, waɗanda ke ɗauke da Acetobacter a ƙafafunsu. Wannan bakteriya ba ta aiki sai da oksijin, kuma aikinta shi ne mayar da barasa ruwan khal. Da zarar wannan tsami mai yankan maƙogwaro ya shiga, babu dabarar da ke fitar da shi. Wato mai yawan leƙe shi ke jawo abin da yake tsoro da hannunsa. Rufe bokitin, cika ɗan bututun fitar da iska na kan murfi da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka ɗauke hannunka har kwana 10. Kada kuma ka ce tashi ya tsaya don bututun ya daina ɓul-ɓul. Murfin da bai kama sosai ba yana sulale iskar ta gefe, giya na can tana aikinta.

Kuskure na biyu, kuma shi ne mai haɗari ga jiki: ɗurawa a kwalba ba tare da awo ba. Haidiromita, wato ma'aunin sukarin nan, ba kayan ado ba ce: lambarta na sauka yayin da yis ke cin sukari. Ruwan tsiro (ruwan zaƙin da ake zuba wa yis) da ya fara a 1.050 yakan tsaya a wajen 1.010 zuwa 1.014 da yis na yau da kullum. Ɗauki awo ta famfon bokiti, ka sake bayan kwana biyu ko uku. Idan lambar ba ta motsa ba, an gama. Idan kuwa tana ta zamewa sannu a hankali, 1.008, 1.005, 1.002, alhali yis ɗinka ba na kaiwa can ba ne, to akwai baƙo a ciki yana cin sukarin da naka ba ya iya ci. Sau da yawa babu yana, babu wari, giyar dai ta yi salam, ba jiki. Ka ɗura ta a haka, baƙon zai ci gaba da ci a cikin kwalba. Mafi sauƙi ka buɗe ta yi ambaliya; mafi muni gilas ya tarwatse a fuskar wani. Idan ka riga ka ɗura kuma kwalba ɗaya ta yi feshi, sa sauran a firji nan take, ka riƙa buɗe su da safar hannu da tabarau. Abin da ka ɗiba don awo kuma, shanye shi ko zubar, kada ka mayar cikin bokiti.

Samfurin awon nan ne damar hancinka da harshenka. Tsami mai laushi irin na madarar da ta kwana aikin bakteriyar Lactobacillus ne. Ƙamshin bota mai ƙarfi da ke ƙaruwa maimakon raguwa, tare da yauƙi idan an tsiyaya, aikin bakteriyar Pediococcus ne. Warin amai kuwa yana nuna bakteriya sun riga yis kama ruwan tsiro, yawanci don an bar shi ya kwana da ɗumi. Saukar da zafinsa ƙasa da digiri 25 na Celsius cikin gaggawa, ka zuba isasshen yis mai rai. Warin filasta ko na asibiti yana da tushe biyu: baƙin yis, ko kulorin na ruwan famfo da ragowar bilic. Bincika ruwanka kafin ka ɗora wa ƙwayoyin cuta laifi.

Idan gurɓata ta maimaitu sau biyu a jere, daina zargin iska ko yis, kayanka ne. Wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma magani ba ya ratsa datti. Wanke tukuna, sannan ka jiƙa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na Star San, wajen mililita 30 a lita 19 na ruwa, na minti biyu, ba ɗauraya. Famfon bokiti ne babbar maɓoya: kwance shi gunduwa-gunduwa, ka ciro robar da ke ciki, za ka ga baƙin dattin da ya maƙale a lungun zaren.

Sauran a taƙaice. Kada soson ƙarfe ya taɓa bokitin roba, kowane karce gida ne ga bakteriya. Kada ka zuƙi tiyo da baki don jawo giya. Kada ka niƙa tsiro a ɗakin da bokiti yake, ƙurarsa cike take da Lactobacillus. Tiyon da ya taɓa ɗaukar gurɓatacciyar giya, ni jefar da shi nake yi in sayi sabo, haka ma robobin murfi da na famfo. Gilas da ƙarfe mara tsatsa ne kaɗai nake yarda in wanke in sake amfani da su.