Yadda ake auna tasirin mai bincike a fannin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa

Kafin a duba kowace lamba, a tabbatar mutum ɗaya ake aunawa. Google Scholar, shafin neman takardun bincike, kan cusa wa mai bincike takardun wani mai irin sunansa, shi ya sa ake fara neman lambarsa ta ORCID, wato lambar shaida da ke bambance kowane mai bincike da sauran, sannan a gwada jerin ayyukansa da shafinsa na IDEAS a rumbun RePEc, wanda masana tattalin arziki ke amfani da shi.

Daga nan sai a haɗe kwafe-kwafe. A wannan fanni takarda kan fara fitowa a matsayin daftari a NBER ko SSRN, masu sakin takardun da ba a kai ga bugawa ba, shekaru kafin mujalla ta buga ta, wani lokaci ma da sabon take. Idan ba a haɗe su ba, ambaton, wato yawan lokutan da wasu masu bincike suka ambaci takardar a ayyukansu, zai rabu. Takardar da aka ambata sau 30 sai ta bayyana kamar guda biyu, ɗaya 18 ɗaya 12, ka ga ke nan ba za ta shiga lissafin mai ma'aunin h na 20 ba.

Shi ma'aunin h, Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 20 ne, ana nufin yana da takardu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Kada a gwada lambar Google Scholar ta wani da ta Scopus (wani rumbun da ke ƙirga ambato) ta wani, domin Google Scholar na ƙirga kundayen digiri da takardun da ba a buga ba, lambarsa kan fi yawa. Ma'aunin kuma yana fifita waɗanda suka daɗe a aiki, don haka a raba shi da yawan shekarun da mutum ya yi tun takardarsa ta farko.

Wurin da aka fi tafka kuskure shi ne haɗin gwiwa. Masana tattalin arziki galibi suna jera sunayensu ne bisa tsarin haruffa, saboda haka wanda sunansa ya zo farko ba lallai shi ne jagoran aikin ba. Wanda ya saba da mujallun likitanci zai iya ba mai harafin A girman da bai nema ba. Abin dubawa shi ne su wa yake maimaita aiki da su, da ko yana da takardu masu nauyi da babu sunan malamin da ya duba digirinsa na uku. A kuma karanta godiyar da ke ƙasan shafin farko. Idan an yi binciken a Kenya ko Indiya amma masanan can ba su fito ba sai a wurin godiya, wannan ya nuna irin haɗin gwiwar da ake yi. Manhajar VOSviewer ta Jami'ar Leiden kyauta ce, tana zana taswirar waɗannan alaƙoƙi.

Yawan ambato ba yarda ba ne. Takardar Edward Miguel da Michael Kremer ta 2004 a mujallar Econometrica, kan ba ɗaliban Kenya maganin tsutsar ciki, ta yi tasiri a manufofin gwamnatoci, amma an yi zazzafar muhawara a kanta a 2015 bayan wasu masana sun sake nazarin alƙalumanta. Don haka a zaɓi goma daga cikin takardun da suka ambaci aikin mutum, a karanta a ga ko gini suka yi a kai ko suka suke yi.

Idan mai binciken yana gwaje-gwaje a fili irin na J-PAL, cibiyar bincike kan yaƙi da talauci, a duba rajistar gwaje-gwaje ta AEA, ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka, da aka buɗe a 2013. A gwada abin da ya ce zai auna kafin fara aiki da abin da ya buga daga baya, a kuma ga ko ya saki alƙalumansa yadda wani zai iya maimaita lissafin.