Yadda na raba kyamarar ƙofa da na'urar Wi-Fi ta nesa

Kyamarar ƙofata ta riƙa yankewa, alhali bango ɗaya ne tsakaninta da ɗaya daga cikin na'urorin mesh, wato uwar na'urar Wi-Fi da 'ya'yanta da ke rarraba sigina a faɗin gida. Da na leƙa manhajar mesh ɗin, ashe can uwar na'urar da ke falo ta maƙale, ƙarfin siginar ya faɗi ƙasa da -75 dBm.

Idan wuta ta ɗauke ta dawo, uwar ce ke fara tashi, 'ya'yan sai daga baya. Ita kuwa kyamara, wadda ta fara gani ita take kamawa, kuma ba ta saki. Yawancin waɗannan ƙananan kayan a mitar Wi-Fi ta 2.4GHz suke aiki, mai dogon zango, kuma da yawansu ba su san 802.11k da 802.11v ba, ƙa'idojin da ke taimaka wa waya ta sauya na'ura.

Sai na jira duk na'urorin suka kammala tashi, na zare kyamarar daga soket na mayar. Nan take ta kama ta kusa. Amma wannan maganin wucin gadi ne. Abin da ya kashe matsalar shi ne ɗaure kyamarar ga wannan na'urar a cikin manhaja, idan taku tana da zaɓin. Na kuma kashe 802.11r, tsarin da ke hanzarta sauya na'ura, domin wasu tsofaffin kwararan fitila masu amfani da Wi-Fi ba sa shiri da shi sam.