Darasi na Bakwai: Wane Emalshan Za Ka Shafa wa Ragarka?

A darasin da ya wuce mun ɗaure raga a jikin firam, mun wanke ta da sabulu har maiƙo ya fita. Yau sai maganin da ake shafa mata, wanda masu buga riguna ke kira emalshan. Ruwa ne mai kauri kamar kunu, wani shuɗi, wani kore, wani ruwan hoda. Idan ya bushe a cikin duhu, aka ɗora zane a kansa aka haska, duk inda haske ya taɓa sai ya taurare. Inda baƙin zane ya rufe kuwa, ruwa zai wanke shi, kuma ta nan tawada ke bi ta sauka a kan riga.

Kafin ka je shago, ka san tawadar da za ka yi aiki da ita. A nan masu koyo suka fi asarar kuɗinsu. Idan tawada mai haɗin ruwa ce, irin wadda ake buga rigunan makaranta da jakunkunan rabon biki da ita, nemi emalshan mai jure ruwa. Wasu kamfanoni na rubuta haruffa biyu, W da R, a jikin robar, kamar Ulano 925WR. In ka ɗauki wanda ba ya jure ruwa, tun aiki bai yi nisa ba zai yi laushi, bakin haruffa ya fara zaizayewa, tawada ta ɓata rigar mutane. Mai buga leda da sitika, wanda tawadarsa ke da haɗin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, nasa emalshan daban ne. Tawadar filastisol kuwa, mai haɗin roba wadda ba ta bushewa sai an gasa ta, ba ta da tsirfa, kusan kowane emalshan na ɗaukar ta.

Emalshan iri uku za ka tarar. Na farko dayazo, wanda ke zuwa da 'yar kwalbar gari. Za ka zuba tataccen ruwa a kwalbar, ka girgiza har garin ya narke, ka juye a cikin emalshan, ka gauraya da sandar katako mai tsabta. Ka bar shi awa ɗaya zuwa biyu kumfa ta kwanta, in ba haka ba ƙananan huji za su fito a ragar. Dayazo ya fi araha, kuma yana da haƙuri: ko ka ɗan zarce lokacin haskawa, zanen zai fito. Shi nake so kowane mai koyo ya fara da shi.

Amma daga ranar da aka haɗa shi kwanakinsa ƙidayayyu ne, kamar mako huɗu zuwa shida a ɗaki mai sanyi, wata uku a firji. Zafi kuma makiyinsa ne. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, robar da aka bari a shago mai rufin kwano ba za ta kai haka ba. Rubuta ranar haɗawa a kan murfin. In ba ka da firji ko wuta ba ta samuwa, rufe robar ruf ka sa ta a tukunyar ƙasa da ke zaune cikin jiƙaƙƙen yashi. Kada ka sayi babbar roba alhali aikinka kaɗan ne.

Na biyu shi ne SBQ. A haɗe yake zuwa, yana kai shekara bai lalace ba, amma da tsada, ga saurin kamawa. Mai haskawa da rana zai sha wahala da shi, domin daƙiƙa kaɗan za su toshe zanen. Bar shi sai ka mallaki akwatin haske. Na uku gamin biyun ne, shi ma ana zuba masa garin dayazo, yana fitar da siraran layuka tsaf.

Akwai wata tsohuwar hanya, ta haɗa farin gam da wani gari mai ruwan lemo da ake kira dayikuromet. Don Allah ka guje shi. Guba ne, yana cin fata, yana kuma jawo cutar daji, ruwan wankinsa kuma kwata zai bi inda yara ke wasa.

Aikin gida: shafa dayazo a raga guda, ka shanya ta a kwance cikin duhu inda ƙurar hunturu ba za ta same ta ba. Idan ta bushe, ɗora zane da gilashi a kai, ka rufe da kwali, ka fita rana da tsakar rana. Janye kwalin kaɗan kaɗan bayan kowace daƙiƙa 10, har sau shida. Wanke da ruwan sanyi a inuwa, ka shafa cikin ragar da yatsa. Inda ka ji santsi, haske bai isa ba. Inda zane ya ƙi buɗewa, ya yi yawa. Rubuta lokacin da ya fito daidai a littafinka, ka zo da ragar aji.