Kafin ku fasa tsohon daɓen wurin wanka

Salama alaikum 'yan uwa. Masu gyaran banɗaki a nan Yamai, ga 'yar shawara kan fasa tsohon daɓen siminti na wurin wanka.

Ku fara rufe ruwa daga kwanta, wato mitar ruwa, sannan ku cusa tsumma a bakin magudanar ruwa. Wannan tsumman abu ne da magina kan manta, kuma in ɓaraguzai kaɗan suka faɗa cikin tiyo, sai an sake tone wuri kafin ruwa ya wuce.

Kada a soma daga tsakiya da babbar guduma. A ɗaga karo, wato tayil, guda ɗaya a gefe, a kafa kurfi a karkace ƙarƙashin simintin, ana bugawa sannu, zai riƙa ɓallewa gunduwa-gunduwa. In an zo kusa da magudana, kamar taki ɗaya, a ajiye injin fasawa a koma hannu, domin tiyon roba da ya daɗe a ƙasa bugu ɗaya yake tsagewa, kuma ba za ku gani ba sai bango ya fara jiƙa. Gidan bene kuwa, a tsaya da zarar an taɓa kankaren ƙasa.

Ku yayyafa ruwa saboda ƙura, ku sa takunkumi da tabarau. Ƙurar siminti tana cutar da huhu, ɓarɓashin karo kuma kaifi gare shi.

Kafin sabon daɓe, a share, a bar wurin ya bushe, a zuba ruwa cikin tiyo a ga ko yana yoyo. Ku ce wa magini ya ba da gangare wajen santimita 2 a kowace mita zuwa magudana.